Gangunan zuƙar ƙura da ruwa da nake tarawa a bayan Katako

Sana'ata naɗin waya. Fanka, injin jan ruwa, injin markaɗe, duk abin da ke juyawa da lantarki in ya ƙone nan ake kawo shi, a ɗan shagona kusa da kasuwar Katako a Yamai. A ƙuryar shagon akwai kanta mai hawa uku, kuma abin da ke kanta ba na sayarwa ba ne. Tsofaffin na'urorin zuƙar ƙura ne na jera, amma ba kowace iri ba, sai masu siffar ganga, waɗanda ke shan ƙura su kuma sha ruwa. Akwai mai ruwan lemo, akwai ɗorawa, akwai shuɗiya mai idanu da baki, akwai ta ƙarfe wadda fentinta ya gama tashi. Masu kawo gyara kan zaci jiran masu su suke yi. In na ce nawa ne, tarawa nake, sai a dube ni a yi shiru, can wani ya ce, "To Malam, kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Irin ƙurarmu ce ta tsayar da ni kan masu ganga. Na'urar da aka ƙera don ɗakin Bature, mai jakar takarda a ciki, an yi ta ne don gashin kare da zaren kafet da ɓurɓushin burodi. Mu kuwa abin da hunturu ke zubo mana daga Nuwamba zuwa Fabrairu gari ne mai laushi haɗe da rairayi, yana shigowa ta ƙarƙashin ƙofa ko an toshe da tsumma. Kafin jakar ta kai rabi ƴan hudojinta sun liƙe, injin ya ɗau zafi, in kuma ta cika sai a zaga Yamai kaf ba a sami irinta ba. Mai ganga ba ruwanta da wannan. A ɓalle maƙalai biyu, a ɗaga kai, a juye, a kakkaɓe matatar ƙura, a ci gaba da aiki.

Wanda bai taɓa kwance kan irin wannan na'ura ba zai ɗauka bokiti ne kawai aka ɗora wa inji. Bambancin yana cikin hanyar iska. A na'urar ƙura zalla, iskar da ta kwaso datti, bayan ta ratsa jaka, ta cikin injin take bi ta sanyaya shi kafin ta fita. Shi ya sa in ta zuƙi ko rabin kofi na ruwa, kan wayar naɗi da gawayi, wato ƴan baƙaƙen sandunan da ke miƙa wa injin wuta, yake sauka, sai tartsatsi, sai ƙauri, wani lokaci har mai riƙe da ita ya ji a jikinsa. A mai shan ruwa an raba hanya biyu. Farfelar da ke zuƙa tana cikin nata ɗakin a ƙasa, tana watsa iska mai laima ta gefe. A can saman injin kuma akwai wata ƴar fanka daban da ke jawo busasshiyar iska daga waje don sanyaya waya. Iskokin nan biyu ba sa haɗuwa. Sannan a ƙarƙashin kan akwai ɗan keji na roba da ƙwallo a ciki, wasu kuma ɗan kofi ne a kife. Ruwa na hawa cikin ganga, ƙwallon na tasowa, har ya je ya toshe bakin farfela. Nan za ka ji kukan injin ya canza, ya koma siriri mai tsini, don ya rasa iskar da zai ja, kaya sun sauka daga kansa, ya ƙara gudu. Cewa yake a kashe a zubar da ruwan. Yaran wankin mota da yawa ba su san haka ba. Na sha ganin waɗanda aka cire wa ƙwallon aka yar, wai yana hana aiki, kuma duk kan teburina suke ƙarewa.

Ruwa ma ya riga lantarki shiga wannan harka. A 1860 wani mutumin jihar Iowa ta Amurka, Daniel Hess, ya yi rajistar wata na'ura mai burushi da zuga-zugi, wadda ke jan iska ta bi da ita ta cikin ruwa don ƙurar ta maƙale a can. Hikimar dai ita ce wadda kowace yarinya a Tawa ta sani, a yayyafa wa tsakar gida ruwa kafin a sa tsintsiya. James Kirby, wanda har yau ake sayar da na'ura da sunansa, tasa ta farko a 1906 da ruwa take kama ƙura, amma zubar da ƙazamin ruwan ya ishe shi, ya koma kan jakar yadi. Kamfanin Rexair ne ya riƙe wannan hanya da gaske. A 1936 ya sa wa na'urarsa kwanon ruwa a ƙasa, a 1955 ya raɗa mata suna Rainbow, kuma a garin Cadillac na jihar Michigan yake ƙera ta. Manufar waɗannan duka ita ce ruwa ya kama ƙura. Kwashe ruwan da ya malale a ƙasa, tare da laka da ƙusa da duk abin da ke ciki, wani aiki ne daban, kuma ba daga ɗakin zama ya fito ba.

Labarin Hoover ba zan tsaya kansa ba, an ba da shi har ya gaji. Wani mai shara a kanti a Canton ta jihar Ohio, James Spangler, ciwon fuka ya dame shi, ya haɗa fanka da akwati da rigar matashi da sandar tsintsiya a 1907, sai William Hoover, mai sana'ar fata da kayan doki, ya sayi haƙƙin a 1908. Wannan zuriyar masu tsayuwa ce, waɗanda ake turawa gaba ana jawowa baya, kuma ba tawa ba ce.

Zuriyar da nake bi, a ganina kakanta Hubert Cecil Booth ne, injiniya a Landan. Ya ga ana nuna wata na'ura mai hura iska don korar ƙura, ya ce ai zuƙa ya kamata a yi. Don ya tabbatar, ya shimfiɗa hankici kan kujera mai laushi, ya sa baki ya zuƙa, ya ɗaga ya ga datti ya taru a bayan hankicin. A 1901 ya ƙera tasa, ƙatuwa, doki ke jan ta. A bakin titi take tsayawa, a zura dogayen tiyo ta taga. Ita ta share kafet ɗin majami'ar Westminster kafin naɗin Sarki Edward na Bakwai a 1902. Tsarin kenan har yau: inji ya zauna wuri guda, tiyo ya je inda datti yake. Ƴan Denmak, Fisker da Nielsen, suka rage girman a 1910 da Nilfisk C1 mai nauyin kilo 17.5, wadda mutum ɗaya ke iya aiki da ita. Kamfanin Booth kuwa shi ne daga baya ya riƙa sayar da kaya da sunan Goblin.

Ganga mai shan komai ta samu gindin zama ne a wuraren aikin hannu na Amurka, inda garin katako da ƙusoshi da ruwan da ya kwanta a ɗakin ƙasa suka fi ƙarfin na'urar uwargida. Martin Miller ya kafa kamfanin da ya zama Shop-Vac a 1953, mazauninsa Williamsport a jihar Pennsylvania, har sunan ya zama abin da Amurkawa ke kiran kowace irin wannan ganga da shi. A shekarun 1980 Shop-Vac ya sayi Goblin na Ingila. Don haka Goblin Aquavac ɗin da ke hawa na biyu a kantata, wadda ba wanda ke kallo sau biyu saboda muninta, jinin Booth da na Miller ne suka haɗu a jikinta. Shi kansa Shop-Vac ɗin ya rufe ƙofa ba zato a Satumba 2020, kafin shekarar ta ƙare kamfanin GreatStar na Sin ya saye shi.

Na Amurka na asali ba su cika kai wa hannuna da rai ba. An yi su ne don wuta 120, tamu kuwa 220 ce. Mai saye ya ga filogin bai shiga ba, sai ya yanke ya ɗaura namu, ya kunna. Injin ya yi wani ihu na ɗan lokaci, ya yi hayaƙi, shi kenan. In ka sami irinsu da filoginsu mai faffaɗan haƙora ba a taɓa ba, to da sauran fata, sai a nemo tiransifoma mai ƙarfi. Kuma kada lambar ƙarfin doki da ake rubutawa ɓaro-ɓaro a jikinsu ta ruɗe ka. Doki ɗaya wat 746 ne. Soket ɗin gida na yau da kullum a Amurka, wuta 120 da amfiya 15, iyakarsa wat 1800, bai kai doki biyu da rabi ba. In ka ga an rubuta 5 ko 6, lissafin ɗan ƙiftawar ido ne na gwaji, ba abin da injin ke bayarwa yana aiki ba. Mu masu naɗi kaurin waya muke dubawa.

Wadda na fi so duk cikinsu Vax ce, mai ruwan lemo da baƙin kai. Alan Brazier ne ya kafa kamfanin a 1977 a Droitwich ta Ingila, na'urar ta shiga kasuwa a 1979, zuwa 1987 ta fi kowace na'urar zuƙar ƙura ciniki a Birtaniya. Abin da ya kawo sabo shi ne aiki na uku. Ban da ƙura da ruwa, tana wanke kafet. A cikin gangar ake zaunar da wani mazubi na ruwa mai tsabta da sabulu, wani siririn bututu ya bi jikin tiyo da sanduna har zuwa bakin wanki. Ruwan na sauka cikin kafet, a take bakin ya zuƙe shi ya mayar ƙasan ganga, ba ya gauraya da mai tsabtan. Gidajen Ingila na lokacin kafet ne bango zuwa bango, shi ya sa ta karɓu. Kamfanin TTI na Hong Kong ya sayi Vax a 1999, shi ne kuma ya sayi Hoover na Amurka a 2007, abokan hamayya suka koma gida ɗaya.

Vax ɗin tawa samfurin 121 ce, kuma gabanin azumi takan fita aiki. Kafet ɗin masallacin unguwarmu dogaye ne masu layin sahu, an liƙa su, ba sa naɗuwa balle a fitar a bubbuga. Nakan fara da zuƙar busasshe, don in ka sa ruwa kan rairayi laka ka kwaɓa. Sannan in juya na'urar zuwa wanki, in riƙa jan bakin a hankali zuwa wajena, taku ɗaya ɗaya. Wurin da bakin ya bi sai koren ya fito, gefensa kuma yana nan ruwan ƙasa, har ka ga iyaka a miƙe. Da na ɗaga kai don zubarwa, ruwan jawur, rairayi kwance a ƙasa kaurin yatsa. Ladan, dattijo ne da ya girmi mahaifina, ya leƙa ya ce, "Ɗana, duk wanga cikin kafet ɗin ya fito? Nan muke sa goshi?" Na ce, "Nan ne, Baba, kuma sahun farko kaɗai ke nan." Tun daga ranar shi ke aiko yaro ya tuna mini in Sha'aban ya kama.

Shuɗiyar mai idanu Charles ce, ta kamfanin Numatic da ke Chard a kudu maso yammacin Ingila. Ɗan'uwanta Henry, ja, wanda ya fito a 1981, shi duniya ta sani, amma shi ƙura kaɗai yake sha. Charles na shan ruwa, George mai kore har wanki yake yi. Chris Duncan ya kafa kamfanin a 1969, kuma na'urarsa ta fari da gangar mai aka haɗa ta, da robar wanke-wanke, da ƙafafun kujera masu taya, da mariƙin akwati. Duk lokacin da na ratsa layin maƙeran Katako, inda ake yanka ganga a fitar da murhu da akwati da kwanon gini, wannan labari nake tunawa. Hannu muna da shi. Abin da ba ma ƙerawa shi ne injin da farfelar, kuma farfela mai juyi dubu ashirin ko fiye a minti ba ta yafe ko ɗan karkata.

Masu ɗorawa kuwa, Kärcher na Jamus, su suka cika wuraren wankin mota na Yamai. Alfred Kärcher ya kafa kamfanin a 1935, ya rasu a 1959, matarsa Irene ta riƙe shi, a zamaninta ne aka bar shuɗi aka koma ɗorawa a 1974. Harufan NT ko WD a jikinsu alamar mai shan ruwa ce. Guda kawai na ajiye, tsohuwa, don sababbin ba su kai shekarun hawa kanta ba tukuna. Daga Faransa kuma Rowenta ce ta fi zuwa mana.

Mai son sanin shekarun na'ura ya kifa ta ya nemi ɗan allon bayani, a ƙarƙashin kai ko a bayansa. In an rubuta Jamus ta Yamma, an ƙera ta kafin haɗewar ƙasar a 1990. In babu tambarin CE na Tarayyar Turai, galibi ta girmi tsakiyar shekarun 1990. In akwai hoton kwandon shara da aka soke da gicciye, daga 2005 ne zuwa sama. Ƙarfin wuta ma yana ba da labari, amma da sharaɗi. Tarayyar Turai ta hana sayar da sababbin na'urorin ƙura masu wat 1600 ko fiye daga Satumba 2014, ta sauko da iyakar zuwa 900 a 2017, sai dai dokar ba ta hau kan masu shan ruwa ba. Don haka ganga mai wat 1400 tana iya zama ta bara, tana iya zama ta shekara talatin. Ni nakan ƙara da shinshina injin, in juya farfela da yatsa in saurari boris, in zaro gawayi in ga tsawon da ya rage. Gawayi ne ke gaya maka yawan aikin da ta sha, fenti ba ya faɗa.

Samun su shi ne wahala. A da ta Kwatano kayan gwanjo ke zuwa, su haye gadar Malanbil zuwa Gaya. Tun da aka rufe iyakar Benin bayan juyin mulkin Yuli 2023, hanya ta koma ta Lome da Burkina, tafiya ta yi tsawo, kaya suka ragu, kuɗi ya hau. Ɗan abin da ya iso kuma mu uku ke rububinsa. Masu wankin mota na son mai rai, suna kuma biya ba ciniki. Ƴan gwangwan na son matacciya saboda jar wayar da ke cikin injin. Ni ina tsakiya, ina neman wadda ta suma. Ta ƙarfen nan da fentinta ya tashi, a hannun wani yaro na tarar da ita, ya riga ya ɗaga guduma. Na ce, "Samari, dakata." Ya ce, "Baba, ba ta yi, wayar za ni cirewa." Na ce ya kai ta sikeli, abin da za a ba shi na waya da ƙarfe in ninka masa. Jika 4 muka rabu. Da na kwance, gawayi ne kawai ya cinye, naɗin lafiya lau, irin kaurin wayar da ba a sa wa na yanzu.

A Amurka masu wannan sha'awa suna da ƙungiya tun shekarun 1980, akwai gidan tarihin na'urorin a jihar Missouri, akwai wani a Heanor ta Ingila. Ina kallon hotunan abin da suka tara a waya. Yawanci masu tsayuwa ne, masu ƙyalli, wasu da kwalinsu na asali ba a taɓa kunna su ba. Masu ganga kaɗan ne a ciki, kuma na gane dalili. Na'urar uwargida ana goge ta a adana a kabad. Ganga kuwa gareji take kwana, ta sha siminti da ruwan kwata har ta mutu a yar, ko a cusa ta kwantena a turo mana. Shi ya sa nake ganin tsofaffin cikinsu sun fi yawa a kasuwanni irin namu bisa ga ɗakunan masu tarawa na can.

Inda na saɓa da su shi ne batun kunnawa. Na'urar da ba ta aiki, a wurina gwangwan ce mai fenti. Duk wadda ke kantata tana tashi, kuma tana fita in buƙata ta taso. Lokacin ambaliyar 2020, da kogi ya fasa madatsai ya shiga Lamorde da Kirkisoy da Saga, gidan ƙanwata na cikin waɗanda ruwa ya kwana a ciki. Bayan ya janye an dawo da wuta, bokiti da tsumma sun yi iyakar yinsu, amma lakar da ta kwanta a kusurwa da tsakanin karon daɓe sai da Goblin ɗin nan mummuna ta shiga. An cire matatar takarda an sa ta soso, aka ɗaga wayar sama kan ƙusa don kada ta taɓa ruwa, aka yi ta zuƙa ana zubarwa. Maƙwabta suka karɓa daga nan, ta yi gida gida kafin ta dawo mini. Abu uku kawai na hana su: fetur, toka mai sauran garwashi, da barin ruwa ya kwana a ganga.

Babban abokin gabar mai tarawa a nan zafin Afrilu da Mayu ne. Ƙarfe da waya suna jurewa, roba ce ba ta jurewa. Ganga mai launi in rana ta dinga dukanta sai ta koɗe ta yi gautsi, maƙalan kai su karye da ɗan matsi. Tiyo ya fi komai saurin mutuwa, yakan bushe ya tsage daidai inda yake lanƙwasa kusa da baki. Don haka ba na barin tiyo a maƙale jikin na'ura. Nakan cire, in naɗe shi da faɗi, in sa a buhu in ajiye ƙasa inda ya fi sanyi, kantar kuma na jingina ta da bangon da rana ba ta bugu. In aka sauke sabon kaya, buhunan tiyo da sanduna nake fara tonawa kafin in dubi na'urorin, don gangar ta fi kayan haɗinta sauƙin samu. Siririn bututun wankin Vax ɗin ma na asali ya daɗe da tsagewa. Tiyon ƙarin ruwa na asibiti na saya sabo a kantin magani, na auna na yanka, na ɗaure shi jikin sanduna da zaren roba, da shi aka wanke masallacin bana.